Daga Turin zuwa Jenowa: tafiyar awa biyu, shirin mako guda

Maƙwabcina a nan Turin, a ƙasar Italiya, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin ƙera motoci, ya kwashe mako guda yana tsara mini tafiyar da ba ta wuce awa biyu ba. Ni na jawo wa kaina, da na ce masa ina so in kai iyali Jenowa su ga teku. Tun daga ranar kullum sai ya tare ni a bakin matakala da sabuwar tambaya. Wace rana? Ƙarfe nawa? Ta Savona za ka bi ko ta Alessandria? Ina za ka ajiye mota? Har na fara sauya lokacin fitata don kada mu haɗu.

Tafiyar duka-duka kilomita 170 ce ko kusa da haka. Ni kuwa na taso ina ganin kawuna yana loda albasa daga Kano zuwa kasuwar Mile 12 a Legas, kusan kilomita dubu, ban taɓa ganinsa da takarda da biro ba. Ya duba taya, ya duba mai da ruwa, ya shiga tasha ya gaisa da direban da ya iso daren jiya: "Ya hanya?" Amsar nan ita ce taswirarsa. Idan an ce Birnin Gwari ba lafiya, ya zagaya. Idan an ce an tsaya a Jebba, ya ƙara guzuri. Sauran kuma sai "Allah Ya kai mu lafiya."

Na daɗe ina yi wa Turawa dariya a kan wannan. Yanzu na daina, don na gane ba wai sun fi mu hankali ba ne, kuma ba mu fi su tawakkali ba. Hanyarsu ce take cika alkawari, shi ya sa ake iya yin lissafi da ita.

Turin tana gindin duwatsun Alps, sunan yankin ma, Piemonte, abin da yake nufi ke nan: ƙafar dutse. Idan gari ya yi garau za ka hango kawunansu fari fat da ƙanƙara daga tsakiyar birni. Ka ɗauki babbar hanyar A21, ka wuce Asti cikin gonakin inabi, kafin Alessandria ka karya kudu ka hau A26. Daga Ovada ƙasa take fara murɗewa, ka shiga wasu duwatsun, na Apennine. Daga nan kuma rami ne da gada, rami da gada: ka fito daga cikin dutsen da aka fafe, ka tsinci kanka a kan gadar da ke rataye saman kwari, kafin ka gama mamaki wani ramin ya haɗiye ka. 'Yata ta fara ƙirga su, ta kai wani wuri lissafin ya ɓace mata. Ana gangarowa Voltri sai ga teku, kwatsam, kamar an yaye labule. Uwargida ta yi salati.

Shirin dattijon nan duk a kan doka da agogo yake. Akwai kyamarorin da ba ruwansu da gudunka a wuri ɗaya, matsakaicin gudunka tsakanin wuri biyu suke aunawa, saboda haka dabarar nan tamu ta taka birki idan an hango jami'i ba ta aiki. Iyaka kilomita 130 a awa, a cikin duwatsu kuma ƙasa da haka. Daga 15 ga Nuwamba zuwa 15 ga Afrilu hanyoyi da yawa suna wajabta tayar sanyi ko sarƙar taya a but. A watan Agusta, lokacin da kowa ke gudu bakin teku, tun kafin ranar ake sanar da ranakun cunkoso, a yi musu alama ja ko baƙa. Sannan tsakiyar tsofaffin birane akwai unguwannin da baƙuwar mota ba ta shiga. Babu mai tsayar da kai, babu "oga yi haƙuri". Sai ka manta, wasiƙar tara ta same ka har gida. Na taɓa ɗanɗanawa a wani gari, ban sake ba.

Wato su takardar da za ta biyo baya suke tsoro, mu kuma wanda za mu tarar a gaba: rami, shinge, ko masu fitowa daga daji. In za a ba ni zaɓi, wallahi a bar ni da wasiƙar.

Kada a ce na mayar da Italiya aljanna. Kafin ka shiga Jenowa ta wannan ɓangaren sai ka haye kwarin Polcevera, inda gadar Morandi ta rufta ranar 14 ga Agusta 2018, mutum 43 suka rasu. Su ma sakaci yana cin rai a wurinsu. Amma a Agustan 2020 aka buɗe sabuwa, San Giorgio, wadda ɗan garin, Renzo Piano, ya zana. Shekara biyu. Ina kan gadar nan Mokwa ta faɗo mini a rai, da ambaliyar watan Mayun 2025, da yadda abincin Arewa da kayan tashar Apapa suke rataye da 'yan gadojin hanya ɗaya.

Abu guda dai sun gaza mu. A wurin hutawa na bakin hanya akwai kofi, akwai banɗaki tsaf, amma babu buta, babu tabarma, babu mai ce maka sannu da hanya. A bayan mota na shimfiɗa darduma na yi Azahar, ina jin idanun mutane a ƙeyata. A Tegina ko Mararrabar Jos kafin ka kashe mota wani ya nuna maka masallaci, mai shayi ya fara fasa ƙwai.

Da yamma muka je tashar jiragen ruwa. Motoci sun yi layi suna jiran jirgin Tanja da na Tunis, 'yan Maroko da Tunisiya za su gida hutu. Kowace an ɗaure mata kaya a sama har ta durƙusa: katifa, keke, firji, an lulluɓe da shuɗiyar leda an tamke da igiya, sak tashar Unguwa Uku ana jibi Sallah. Na ɗauki hoto na tura wa Kawu. Can sai ga muryarsa: "Kai yaro, waccan farar ta biyu, gaya wa mai ita igiyar baya ta yi sako-sako."