Waya a baki, waya a hannu

To ai shi kenan, jiya an je wajen likitan haƙori an dawo da labari: an ƙara wa yaron Yaya wata shida da ƙarfen daidaita haƙoran da ke bakinsa. Kuma wai abin da Yaya ta gano shi ne manhajar da ke tuna masa ya maƙala ƴar robar da ke jan haƙoran a jikin ƙarfen ce ba ta da kyau, a sauke masa wata. Ta uku kenan fa. Madalla, a ƙaro ta huɗu ma, ƙila ita ce za ta fito daga cikin wayar ta maƙala masa robar.

Jama'a ba mantuwa ba ce. Yaron da ya san ranar da datarsa za ta ƙare, ya san awa nawa cajinsa zai kai, shi ne zai manta da abin da ke cikin bakinsa? A gabana alam ɗin ya buga, ko ɗago kai bai yi ba ya ture shi da babban yatsa ya ci gaba da wasansa, ƴar ledar robobin nan kuwa tana ƙasan jakar makaranta ko yage bakinta ba a yi ba.

Shi haƙori ba da ƙarfi ake matsar da shi ba, ja ne kaɗan kaɗan wanda ba ya yankewa, ƙashin da ke riƙe da shi yana narkewa ta gefe guda yana ginuwa ta ɗayan. Shi ya sa likita ya ce masa robar ta zauna wajen awa 22 a rana, sai zai ci abinci ko goge baki zai cire. In ka sa da dare ka cire da rana, abin da ya matsa komawa yake yi, an yi ba a yi ba kenan. Aikin da aka yi masa lissafin shekara biyu ga shi yana neman uku. Ga kuma farin tabo da ya fara fitowa a gefen ƙarfen saboda ba a goge wajen da kyau, wanda ko an cire ƙarfen yana iya zama daram.

Na san masu cewa ai saƙon waya yana taimakawa. Eh yana taimakon wanda ya manta. Wannan bai manta ba.

Da na zaunar da shi ba faɗa ba hayaniya, sai ya sunkuyar da kai ya ce Kawu wallahi zafi take min, kuma in na buɗe baki a aji dariya suke yi, ran nan ma tsinkewa ta yi ina tsakiyar magana. Jikina ya yi sanyi. Shekararsa 14, watanni yana fama da ciwo da kunya shi kaɗai, mu kuma manya muna ta aika masa ƙararrawa. Ba wanda ya gaya masa cewa zafin na ƴan kwanakin farko ne, kuma sa-cire sa-cire ɗin da yake yi ne ke dawo masa da shi sabo fil kullum. Wace manhaja ce za ta ji wannan? Ba mantuwa ba ce Yaya, na faɗa miki a waya ina kuma faɗa a nan.

Ni kaina ma dai akwai wata da na sauke tun bara wai ta riƙa tuna min shan ruwa, sau takwas take kuka a rana, hoton wani ɗan ɗigon ruwa da ke ɓata fuska in ban sha ba. Yanzu haka da nake rubutun nan ta buga na ture. Don Allah wanda ya san yadda ake kashe ta gaba ɗaya ya taimaka min, na duba ko'ina ban gani ba.