Na haɗu da surukina a hanyar Tibiri

Kun dai san na bi tsarin gudun nan na waya mai sati 9, wanda ake farawa da gudun minti 1 da tafiyar minti 1 da rabi, har a kai minti 30 ba tsayawa. Da farko tun asuba nake laɓaɓawa bayan filin kokowa na Kantu, nan Maraɗi, inda ba mai ganina sai awaki. Da na cinye gudun minti 20 na sati na 5 ban mutu ba, kai ya soma girma. Ina gamawa na sayo gajeren wando a gwanjo, na ce yanzu kam kwalta zan hau, da hantsi, kowa ya gani.

Ina tafe ina jin kaina, sai ga Alhaji, baban maiɗakina, a bencin mai shayi da abokansa. Mutumin da bai taɓa ganina ba hula ba! Juyawa ba hali, mun riga mun haɗa ido. Na ci birki na durƙusa.

"Baba, ina kwana?"

"Lahiya lau. Mi ya koro ka?"

"Motsa jiki ne, Baba."

Ya dubi gwiwoyina, ya mai da ido cikin kofinsa. Aka shiga gaisuwa, ina gida, ina yara, ina gajiya, kowane tsoho da tasa. Ina haki ina jan wandon ƙasa, yana komawa sama. Na yunƙura zan tashi, sharaɓa ta ɗaure tamau. Na koma. Alhaji ya zaci ladabi ne.

"Tashi mana ɗana, ya isa haka."

"A'a Baba, nan ma ya yi."

Garin murza ƙafar na fizge igiyar kunne, sai muryar Baturiyar nan mai ba da umarnin gudu a wayar ta fito fili, da fara'arta. Benci ya yi tsit. Alhaji ya ce, "Wace ce?"

Kafin in buɗe baki mai shayi ya cafe. Kun san shi, wanda don ya taɓa zama Legas ya mai da kansa tafintan unguwa, alhali ko lissafin ƙwai sai ya kira yaronsa. Tun bara nake binsa canjin dala ashirin, kullum sai gobe. Shi ne ya gyara tsayuwa ya ce, "Alhaji, cewa ta yi tana alfahari da shi, kuma sai sun haɗu jibi." To maganar jibin gaskiya ce, ana hutun kwana guda tsakanin gudu da gudu, amma wa ya aike shi?

Alhaji da kansa ya tsai da kabu-kabu ya biya, tsofaffi biyu suka ɗaga ni. Labari kuwa ya riga ni isa gida.

Shi kuma mai shayin, madararsa ma rabi ruwa ce, ku tambayi kowa.