Biyu daga nan, uku daga can: tsadar tara jiragen sama iri-iri

Akwai wani dattijo a unguwarmu a nan Jidda da ya kwashe shekaru yana jigilar masu Umara tsakanin filin jirgi da Makka. Motocinsa bakwai, kuma duk Hiace ne. Wata rana na tsokane shi na ce, "Kawu, ga bas-bas na ƙasar Sin sun cika kasuwa, ga araha ga faɗi, me ya hana ka ƙara ko guda biyu?" Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ranar saye ake ganin araha, ranar da mota ta kwanta a sina'iyya, unguwar makanikai, ake sanin kuɗinta." Makanike ɗaya ne ya san cikin motocin bakwai. Idan direba ya tashi da zazzaɓi, ɗan'uwansa ya karɓi makulli ya wuce. Idan wani ƙarfe ya yi wuya a shago, a leƙa tashlih, inda ake kwance matattun motoci, a samo shi kafin la'asar.

Maganar dattijon nan ce ke faɗo mini duk lokacin da na ji sanarwar sabon cinikin jirage a ƙasar nan, kuma shekarun nan sanarwa ba ta yankewa. A watan Maris na 2023 Saudia da sabon kamfanin Riyadh Air kowannensu ya yi odar Boeing 787 guda 39. A watan Mayu na 2024 rukunin Saudia ya ƙulla cinikin jirage 105 daga dangin A320neo na Airbus. Riyadh Air ya ƙara A321neo guda 60 a watan Oktoban 2024, sannan a bajekolin jirage na Paris, a watan Yuni na 2025, ya ɗora A350-1000 guda 25. Wato tun bai ɗauki fasinja ko ɗaya ba ya riga ya auri samfuri uku daga kamfanoni biyu. Hatta flynas da flyadeal, waɗanda aka san su da riƙon A320 kaɗai saboda tikitinsu ya yi sauƙi, duk sun yi odar babban jirgin nan A330neo.

Mu fasinjoji jirgi duk jirgi ne a wajenmu: fukafukai biyu, kujeru, da 'yar tagar leƙen gajimare. Amma kama da wane ba ta wane. Matuƙin da ya ƙware a kan Boeing 777 ba ya da izinin zama a kujerar A330 gobe da safe, ko da ya fi shekara ashirin a sama. Kowane samfuri da tasa shaidar ƙwarewa da ake bugawa a lasisi, kuma samunta kan ci makonni na karatu da atisaye a na'urar kwaikwayon tuƙi. Na'urar kanta ta samfuri ɗaya ce, kuɗinta miliyoyin daloli, kuma matuƙi zai riƙa komawa cikinta a kai a kai muddin yana aiki. Ko hannun tuƙin ma daban ne: Boeing sitiyari ne a gaban matuƙi, Airbus ɗan sanda ne a gefensa. Duk makon da matuƙi ya yi a aji, albashinsa na tafiya, jirgi kuma na jiran wani.

Masu ƙera jiragen sun san wannan ciwo, shi ya sa suke tallan dangantaka. Shaida ɗaya ce ta haɗa A319 da A320 da A321, don haka wanda ya kai mutane Abha da safe a ƙaramin zai iya kai wasu Alƙahira da yamma a dogon. Daga A330 zuwa A350 horon 'yan kwanaki ne, haka ma tsakanin 777 da 787. Wannan ita ce dabarar da Southwest ta Amurka ta rayu a kanta shekara da shekaru da 737 zalla, Ryanair ta Turai ta bi sahunta, flydubai ma da shi ta tashi. Emirates da duk girmanta ta yi shekaru da samfuri biyu tak, A380 da 777, kafin A350 ya shigo mata a ƙarshen 2024.

Sai dai a ganina matuƙa ba su ne babban nauyin ba. Nauyin yana ƙasa, a rumfar gyara, inda fasinja ba ya gani. Injiniyan da zai sa hannu cewa jirgi ya cancanci tashi shi ma sai da shaidar wannan samfurin, har da irin injin da ke jikinsa. A nan ne lissafi ke ƙara cakuɗewa, domin sunan jirgi ɗaya na iya ɓoye inji iri biyu: A320neo ana sayensa da injin CFM ko da na Pratt & Whitney, 787 kuma da na General Electric ko na Rolls-Royce. A350 da A330neo ba su da zaɓi, Rolls-Royce ne kawai. Kowane inji da kayan aikinsa, da littattafansa, da yarjejeniyarsa ta gyara. Ga taya, ga birki, ga kwamfutocin ɗakin matuƙi, ga famfunan mai, duk sai an ajiye na ko-ta-kwana a sito. Kamfanin da ke da jirgi uku na wani samfuri dole ya ajiye kusan irin kayan da mai jirgi talatin zai ajiye, sai dai shi a kan jirgi uku zai raba kuɗin. In ya ce ba zai ajiye ba, to ranar da abu ya lalace jirgin zai zauna a ƙasa har a aiko da shi daga wata nahiya, ana biyan haya, ana biyan kuɗin ajiya, ana ciyar da fasinjoji a otal.

Saudia ta ɗanɗana wannan, ba labari aka ba ta ba. Kamfanin da ya faro a 1945 da DC-3 guda ɗaya, kyautar Shugaba Roosevelt ga Sarki Abdul'aziz, ya bi ta TriStar, da A300, da 747, da MD-11, har da ƙananan Embraer 170 guda 15. Wanda ya fi ba ni darasi shi ne cinikin da Shugaba Clinton ya yi shelarsa da kansa a 1994, na kimanin dala biliyan 6, aka raba tsakanin Boeing da McDonnell Douglas: jirage 61, ciki har da MD-90 guda 29. A 1997 Boeing ta haɗiye McDonnell Douglas, kuma ba a jima ba aka daina ƙera MD-90, guda 116 kacal aka yi a duniya. Ƙari a kan haka, na Saudia an yi musu ɗakin matuƙi na musamman mai kama da na MD-11, wanda ya bambanta da na sauran 'yan'uwansu. Da lokacin rabuwa da su ya yi, kamfanin Delta na Amurka yana ta bin duniya yana tattara tsofaffin MD-90, amma na nan ba su dace da nasa ba. Jirgi ya zama maraya tun da sauran ƙarfinsa. Cinikin da siyasa ta sa hannu a cikinsa, makanikai ne ke biyan bashinsa shekara ashirin.

Ban ce riƙon samfuri ɗaya ba shi da nasa haɗarin ba. Bayan faɗuwar jirgin Lion Air a Oktoban 2018 da na Ethiopian a ranar 10 ga Maris 2019, haɗurra biyu da suka ci rai 346, an dakatar da 737 MAX a duniya baki ɗaya, kuma a Amurka sai Nuwamban 2020 aka sake shi. Southwest ta ajiye guda 34 a rana ɗaya. A nan Saudiyya flyadeal ta riga ta yi alkawarin sayen MAX guda 30 a ƙarshen 2018, sai ta janye a watan Yulin 2019 ta tsaya a kan Airbus ɗinta, kuma a ra'ayina wannan na cikin shawarwari mafi kyau da wani kamfanin jirgi ya yanke a ƙasar nan. A 2013 an dakatar da 787 na kusan wata uku saboda matsalar batir. A 2023 matsalar injin Pratt & Whitney ta zaunar da ɗaruruwan jiragen dangin A320neo, har kamfanin Go First na Indiya ya durƙushe yana ɗora laifin a kanta. Wanda duk dukiyarsa ke kan samfuri ɗaya, ranar da aka ce samfurin ya tsaya, shi ma ya tsaya. Kuma mai saye da ba ya taɓa leƙa shagon maƙwabci ba ya samun ragi.

Ga kuma hanyoyin kansu. Jirgin da zai tashi daga Jidda zuwa Los Angeles ba shi ne zai yi zirga-zirgar Jazan ko Tabuka ba. Ƙasar da ta sa wa kanta burin fasinja miliyan 330 da garuruwa 250 nan da 2030 ba za ta cim ma haka da samfuri ɗaya ba. Ethiopian, wadda da yawanmu muka sha bi ta Addis Ababa zuwa Kano, tana da Q400 mai farfela, da 737, da 777, da 787, da A350, kuma ita ce kamfanin da ya fi kowa tsayuwa da ƙafarsa a Afirka. Asirinta a fili yake: makarantar matuƙa tata ce, rumfar gyara tata ce, makanikanta 'yan ƙasa ne da ta rena tun suna yara.

Saboda haka idan aka tambaye ni, yawan samfuri ba shi ne ma'aunin ba. Ma'aunin shi ne jirgi nawa kake da shi a kowane samfuri, kuma wa zai gyara shi a gidanka. Samfuri uku na Riyadh Air sun ɗan ba ni tsoro ga kamfanin da bai yi ƙwari ba, domin tara matuƙa da injiniyoyi kashi uku a lokaci guda, a kasuwar da Dubai da Doha da Istanbul ke wawason waɗannan mutanen, ba ƙaramin aiki ba ne. Amma 39 da 60 da 25 adadi ne da ke iya ɗaukar nauyin na'urar horo da siton kaya. Saudia kuma tana da makarantar horonta da kamfanin gyaranta a nan Jidda. Inda nake da shakka shi ne A330neo guda 10 na flyadeal. Kamfanin araha da sauƙin tsari yake ci, kuma tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya.

Abin da ya fi damuna yana can gida Najeriya. Nigeria Airways ta tara Fokker F27 da F28, da Boeing 707, 737 da 747, da DC-10, da A310, kafin a rufe ta a 2003. Sata da rashin tsari ne suka kashe ta, kowa ya sani, amma tarkacen samfura sun taimaka wajen haƙa kabarin. 'Yan'uwanmu da suka taso a Sudan za su ba ka makamancin labarin game da Sudan Airways, wadda takunkumin Amurka na 1997 zuwa 2017 ya toshe mata hanyar kayan gyara, har na Airbus, tunda cikinsa cike yake da kayan Amurka. Yau ma salon bai sauya sosai ba. Ɗan kasuwa ya ji an yi gwanjon tsohon jirgi a wata ƙasa, ya ɗauko guda biyu. Baɗi wani samfurin ya faɗo da araha, ya ƙara ɗaya. Kafin a ankara kamfani mai jirgi goma yana da samfuri huɗu, ga dala ta yi tsada, ga babban gyara sai an kai waje. Araha ba ta ado. Ba na zarginsu gaba ɗaya, domin wanda banki ke ba bashi da ruwa mai nauyi ba zai iya yin odar sababbi hamsin ba, wutsiyar raƙumi ta yi nesa da ƙasa. Amma ko a gwanjon ana iya yin zaɓi irin na Kawu mai Hiace.

A lokacin Hajji ne wannan ke fitowa fili, mu da ke Jidda a kan idonmu ake yi. Aiki ne na makonni kaɗan da ke buƙatar manyan jirage da yawa, don haka kusan kowa, har manyan kamfanonin ƙasar nan, sai ya yi hayar jirage da matuƙansu da ma'aikatansu daga waje. Babu laifi a haya. Laifin shi ne a ɗora dubban alhazai a kan jirgi ɗaya ko biyu da ba su da ɗan'uwa a kusa. Na taɓa kwana biyu ina kai wa wata gwaggona abinci a tashar alhazai ta filin jirgin Sarki Abdul'aziz, ƙarƙashin rumfunan nan masu kama da tanti, saboda jirgin da zai mayar da su ya samu matsala. Kamfanin yana da wani jirgin a ajiye, amma ƙarami ne, kuma matuƙan da ke Jidda ba su da shaidar tuƙa shi. Tsofaffi na kwance a kan jakunkuna, ana ta cewa "gobe in sha Allahu."

Hukumar alhazai ta NAHCON kan tantance kamfanoni kowace shekara kafin ta raba musu jihohi. Da ina cikin masu tantancewar, bayan tambayar kujera nawa jirgin ke ɗauka, zan tambayi mai kamfani jirgi nawa irin wannan yake da su, matuƙa nawa ke da shaidarsa, kuma idan birki ko famfon mai ya lalace a Jidda da ƙarfe biyun dare, daga wane sito za a ɗauko wani, kuma cikin awa nawa.