Wanda ya saita maka gem a 1080i, rage maka ya yi

Jiya da yamma na raka ƙanena gidan gem ɗin da ke bakin layinmu, na tsaya ina kallon yara suna buga FIFA a PS4. Talabijin ɗin inci 32 ce, tsohuwar fulasma irin ta gwanjo. Duk lokacin da aka cilla doguwar ƙwallo kyamara ta bi ta, sai ka ga gefen 'yan wasan ya tsattsage kamar haƙoran mataji, ciyawar filin kuma ta dagule. Na ce wa mai wurin, "Yaya, don Allah bari in ga saitinka." Ina buɗewa na tarar da abin da na zata: 1080i. Ya ce ai talabijin ɗin ba ta ɗaukar 1080p, shi ya sa ya zaɓi lambar da ta fi girma a cikin waɗanda suka rage.

Ban ga laifinsa ba, domin kowa ya ga 1080 da 720 zai ce na farkon ne babba. Amma abin dubawa shi ne ɗan harafin nan da ke maƙale a ƙarshen lambar, kuma abin yana damuna yadda mutane ke kashe kuɗi su sayi na'ura mai tsada sannan harafi ɗaya ya ɓata musu daɗinta.

Hoton talabijin layi-layi ne daga sama zuwa ƙasa. Idan ka ga p, ana zana dukkan layukan ne a jere, hoto cikakke a kowane bugu. Idan ka ga i, tsallake ake yi: a zana layi na 1, na 3, na 5 har ƙasa, sannan a dawo a cike na 2, na 4, na 6. Wato 1080i ba ta taɓa turo maka layi 1080 a lokaci guda, 540 take turowa, sai wasu 540 su biyo baya. Dabarar tsohuwa ce, tun shekarun 1930 injiniyoyi suka fito da ita don a rage nauyin abin da ake watsawa ta iska ba tare da hoto ya riƙa ƙyaftawa ba. A kan talabijin mai ƙeya kuwa ta yi aiki sosai, domin ita ma da tsallaken take zana hotonta, ido ya haɗe sauran.

Matsalar ita ce waɗannan shafaffun talabijin na yanzu ba su san tsallake ba. Cikakken hoto kawai suke iya nunawa. In ka ba su rabi da rabi, dole su tsaya su ɗinke biyun. Idan abin da ake nunawa a tsaye yake, kamar mai karanta labarai, ɗinkin zai fita tsaf, har ma ya fi 720p kaifi. Amma a gem wa yake tsayawa? Tsakanin rabin farko da na biyu ɗan wasa ya riga ya matsa, ƙwallo ta wuce. Sai talabijin ta rasa yadda za ta yi: ko ta haɗa rabi biyu da ba su dace ba, ka ga haƙoran matajin nan, ko ta jefar da rabi ɗaya ta ƙirƙiro layukan da babu, hoto ya yi dishi-dishi. Mai tsada tana iya ɓoye wannan aibin. Mai araha ba ta iyawa.

Abin da ya fi ɓata min rai ma ba kyan hoton ba ne, jinkirin ne. Ɗinkin nan lokaci yake ci. Gem mai gudu da hoto 60 a daƙiƙa, kowane hoto bai kai kashi 17 cikin dubu na daƙiƙa ba. Talabijin ta riƙe hoto ɗaya ko biyu tana gyara, kai kuma ka riga ka danna. Mai kallon fim ba zai taɓa sani ba. Amma mai buga Tekken ko Mortal Kombat, ko wanda ke jiran daidai lokacin da zai saki shot, a yatsunsa zai ji. Sau nawa yaro ya yi ta rantsuwa cewa hannun gem ɗin ne ya lalace, har a yi rigima a canza masa wani, alhali laifin yana cikin saiti?

Kada a ce ra'ayina ne kawai. A Amurka, tashoshin talabijin na ESPN da ABC da Fox sun zaɓi watsa shirye-shiryensu a 720p, yayin da CBS da NBC suka tafi 1080i, kuma saurin motsi a wasanni yana cikin manyan dalilan masu 720p ɗin.

Sannan ga wani abu da masu sayar da talabijin ba sa faɗa. Yawancin ƙananan nan da aka rubuta wa HD Ready, ainihin fuskarsu ɗigo 1366 ne a kwance, 768 a tsaye. To me 1080i za ta ƙara maka a nan? Talabijin za ta ɗinke hoton, sannan ta matse shi ya dawo 768. Aiki biyu, kowanne da asararsa. Ita kuwa 720p ɗan miƙawa kaɗan take buƙata ta cika fuskar.

Masu PS3 su ne suka fi shiga haɗari. Ita da Xbox 360, akasarin wasanninsu a 720p aka gina su, wasu ma ba su kai ba: Halo 3 layi 640 ne. Xbox 360 tana da abin da ke miƙa hoto ya kai duk girman da ka zaɓa. PS3 kuwa, in ka cire alamar 720p ka bar 1080i kaɗai, akwai wasannin da za su faɗo ƙasa gaba ɗaya zuwa 480p ko 576p. Kana zaune kana jin kana kan babbar lamba, ashe ko HD ɗin ma ba ka samu ba. Ka bar alamar 720p a kunne kullum. In kuma ka taɓa saiti allo ya yi baƙi, kashe PS3 ɗin, ka danne maɓallin kunna ta har ka ji ƙara ta biyu, za ta koma saitin farko.

In talabijin ɗinka tana ɗaukar 1080p, babu gardama, ita za ka sa. In ba ta ɗauka, 720p. Ka kuma nemi Game Mode a cikin saitin hoto ka kunna, domin yana kashe yawancin kwalliyar da ke jawo jinkiri.

PS2 ce kaɗai nake yi wa wani hukunci dabam. Yawancin wasanninta da tsallaken aka haife su, kuma wayar nan mai kai ruwan ɗorawa ba ta iya ɗaukar komai sai shi. Shi ya sa take muni a kan fulasma. Wanda har yanzu yake da talabijin mai ƙeya a ɗaki, kada ya yar da ita, a can PS2 take nuna ainihin kyanta, kuma babu jinkirin ɗinki ko kaɗan.

Mai gidan gem ɗin ya bar ni na mayar masa 720p, na kunna Game Mode. Ya karɓi hannun ya buga rabin lokaci da kansa, bai ce komai ba. Da aka tafi hutu sai ya miƙo min rimot ɗin talabijin ta biyu ya ce, "Ƙanena, duba min wannan ma."