Dariyar ƙeta da Schadenfreude

Wata kalmar Jamusanci ce ta hana ni sakat kwanan nan, Schadenfreude, ana furta ta Shadinfuroide. Kalma biyu Jamusawa suka liƙe kamar yadda suka saba, Schaden wato ɓarna ko asara, sai Freude wato farin ciki. Daɗin da kake ji idan masifa ta samu wani kenan. Mu ma ai muna irin wannan haɗin, farin cikin kansa fari ne da ciki, ga dafa-duka ga faɗi-tashi.

Abin da ke ban haushi shi ne yadda wasu ke cewa wai tunda Jamusawa na da kalmar to mugunta a jininsu take. Tun 1852 wani malamin coci mai suna Richard Trench ya rubuta cewa abin tsoro ne a ce harshe na da irin wannan kalma, amma ai Turawan Ingila da ba su da ita aro suka yi, har yau ita suke amfani da ita, in ba su san abin ba me za su yi da sunansa? Larabawa na da shamata, Manzon Allah (SAW) ya nemi tsari daga shamatar maƙiya, Annabi Haruna ma ya roƙi Annabi Musa kar ya sa maƙiya su yi masa ita, yana nan cikin Suratul A'araf. Mu kuma dariyar ƙeta, ga "Allah ya ƙara" ga "maganinsa kenan".

Ni dai a ganina tasu ta fi tamu tona asiri. Dariyar ƙeta sai an ga haƙora, ita kuwa Schadenfreude ko fuskarka a murtuke take, kana cewa wayyo Allah ya mayar da alheri, in zuciyarka ta yi fari da karayar ɗan'uwanka to ta kama ka. Wallahi wannan ta ɓoyen ita ta fi yawa a tsakaninmu, a kasuwa, a gidan kishiyoyi, a siyasa kam ba a magana. Schopenhauer, wani masanin falsafa Bajamushe, cewa ya yi hassada halin ɗan'adam ce amma wannan aikin shaiɗan ne.

Sai dai akwai abin da muka fi su. Lokacin sanyi a nan birnin Hambog na Jamus wata dattijuwa ta zame a ƙanƙara gabana, mutane suka ɗaga ta, ba wanda ya yi dariya, suna tambayar ko lafiya. Ni kuwa sannu nake son ce mata, na laluba Jamusancina kaf ban samo ba, sai kawai na ce mata sannu Mama da Hausa.