Soke koyarwa da harshen uwa: ɗan talaka aka sake bari a baya

Tun da Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar a watan Nuwamban 2025 cewa an soke koyar da 'yan firamare da harshen uwa, an koma Turanci zalla, abin yake ci mini tuwo a ƙwarya. Hujjarsa wai yara suna faɗuwa WAEC da NECO da JAMB a yankunan da suka rungumi tsarin.

Sai a ƙarshen 2022, zamanin tsohon Ministan Ilimi Adamu Adamu, aka amince da wannan tsari. Yaron da ya shiga aji ɗaya a lokacin ko firamare bai gama ba, balle ya zauna WAEC. To wa tsarin ya kayar? Littattafan lissafi nawa aka buga da Hausa ko Fulfulde ko Kanuri aka raba? Malamai nawa aka horar? Masu cewa ai tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta yarda da harshen uwa a azuzuwan farko, sun fi kowa sanin cewa a takarda abin ya tsaya.

Na taɓa shiga wani aji a ƙauye, yara fal a zaune a ƙasa, malam ya rubuta jimlar Turanci a allo suna maimaitawa da ƙarfi kamar masu hadda. Na tambayi wata yarinya me kalmomin ke nufi. Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabinta. Da na maimaita tambayar darasin da Hausa, nan take ta amsa daidai.

Ɗan mai hali bai san wannan wahala ba. Tun yana naziri yake jin Turanci, a gida ma da shi ake yi masa magana. Ɗan talaka kuwa an ɗora masa kaya biyu rana ɗaya, ya koyi baƙon harshe, ya kuma koyi lissafi a cikinsa. In ya kasa a ce daƙiƙi ne, uban ya gaji ya mayar da shi gona ko kasuwa.

Ba wanda ya ce a jefar da Turanci. Farfesa Babs Fafunwa ya gwada a Ile-Ife tun 1970: an koyar da yara da Yarabanci shekara shida, Turanci yana darasi mai zaman kansa, kuma ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin. Gwajin gida ne wannan, amma ma'aikatar ilimi ta tsallake shi.

Gwamnonin Arewa su ne da firamare a hannunsu ta hukumomin ilimin matakin farko na jihohi, wato SUBEB. Su buga littattafan, su horar da malaman, su daina jiran Abuja.