"Duk Ɗaya Ne, Zai Hau": Yadda Ake Ƙona Kuɗin Mai Haɗa Kwamfuta da Kayan Hannu

Babu maganar da ta ci kuɗin talaka a kasuwar kayan kwamfuta na hannu kamar "Alhaji, duk ɗaya ne, zai hau." Ɗalibi ko mai shagon buga takardu ya daɗe yana tari don ya haɗa 'yar kwamfutar tebur. Ya sayi bod (faranti da ake ɗora sauran kaya a kai) a wannan rumfa, furosesa (ƙwaƙwalwar injin) a waccan, ram (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) a gaba. Ya je gida ya ɗaura, ya danna, fanka ta juya, allo kuwa baƙi ƙirin. Ya koma, sai a nuna masa ƙasan rasit: kaya in sun fita ba sa dawowa. Wannan ciniki ne ko fashi da tsakar rana? Abin takaicin, amsar tana rubuce a jikin kayan, mai rumfa kuma ya iya karanta ta sarai.

A fara da soket, wato mazaunin furosesa a kan bod, inda ake zalunci mafi muni. "Core i5" ba sunan furosesa ɗaya ba ne, dangi ne. I5-3470 na soket LGA1155 ne, bod ɗinsa H61 ko B75. I5-4570 na LGA1150 ne, bod ɗinsa H81 ko B85. Girman furosesan biyu ɗaya a ido, amma 'yan tsagar da ke gefensu sun bambanta. Wanda ya danna da ƙarfi ya lanƙwasa filolin soket, wato 'yan siraran ƙarafan da ke cikinsa, bod ya tafi ke nan, kuma a ce laifinsa ne. Mafi cin rai shi ne LGA1151. I5-6500 da i5-8400 duk sunan soket ɗinsu ɗaya, na biyun zai zauna daram a bod H110 na na farkon, murfi ya rufu lafiya, amma ba zai tashi ba har abada, domin shi ɗan tsara ta 8 ne (lambar farko ta 8400 ce ke nuna tsara), tsara ta 8 da ta 9 kuwa sai bod mai lamba 300, irin H310 ko B360. Ko H61 ɗin ma, waɗanda aka fara fitarwa a 2011 ba sa gane furosesa tsara ta 3 sai an sabunta BIOS, manhajar da ke cikin bod mai tayar da injin, sabuntawar kuma sai da tsohuwar furosesa tsara ta 2 a kai. Wa ke gaya wa mai saye haka? Haka ake tura wa mutane Xeon E3-1230 v2 ko i5-9400F da sunan araha, ba a faɗa musu cewa ba su da sashen da ke fitar da hoto zuwa allo a ciki, sai an ƙara sayen katin hoto.

Ram kuwa a tire ake zuba shi kamar goro. DDR3 fil 240 gare shi, DDR4 fil 288, tsagarsu ba wuri ɗaya take ba, wannan kam ido ma ya isa. Tarkon yana cikin harafi guda. Duba takardar da ke manne: in ka ga PC3-10600R ko 12800R, wannan "R" ɗin na saba ne, manyan injinan kamfanoni. Zai shiga ramin, amma bod ɗin gida ba zai karɓe shi ba, sai ƙara ko shiru. Wanda ake so mai "U" ne. Rashin aikinsa a bod ɗin gida ne ya sa ake sayar da gigabait 16 na saba da arha, arhar da ba ta ado. Kuma mafi yawan H61 rami biyu gare su, iyakarsu gigabait 16, kada wani ya ɗora maka abin da bod ba zai ɗauka ba.

Sai bod ɗin da aka ciro daga kwamfutocin ofis. Na Dell OptiPlex 3020, 7020 da 9020 ba su da babbar mahaɗar wuta mai fil 24 da kowa ya sani, tasu mai fil 8 ce. Na HP EliteDesk 800 G1 mai fil 6 ce. Ka sayi irin wannan bod tsirara, ka sayi fawa fak (akwatin da ke rarraba wa kayan wuta) na gama-gari, ka tarar ba inda za su haɗu sai da wata wayar musanya, wadda sau tari wanda ya sayar maka ba shi da ita. Mahaɗar maɓallin kunnawa da ta fanka su ma nasu daban ne, injin ya riƙa tsayawa yana neman a danna F1 duk tashi. Mai son irin waɗannan ya saye su ɗungurungum da akwatinsu, ya ƙara ram da SSD (faifan ajiya mai sauri), ya huta. Amma ya sani mai siririn akwati ba ta ɗaukar dogon katin hoto, sai gajere.

Fawa fak shi ne abin da ake rainawa, shi ne kuma ke kashe sauran. Tsoffin da suka zo daga Amurka da yawa suna da ɗan jan makunni a baya, 115 ko 230. Wutarmu 230 ce. A bar shi a 115 a jona, sai tas! da hayaƙi. Daƙiƙa biyu ne duba shi, amma ko wannan ba a yi wa mai saye. Lambar "500W" da aka buga ɓaro-ɓaro kuma kada ta ruɗe ka. Nemi layin +12V: in amfiya 18 aka rubuta, 18 sau 12 wat 216 ke nan, iyakar abin da furosesa da katin hoto za su raba. Ramin katin da ke kan bod wat 75 yake bayarwa, ya ishi GTX 750 Ti ko mafi yawan 1050 Ti. RX 580 kuwa wat 185 yake ci, sai da waya mai fil 8. Nan ne za a miƙo maka wayar da ke jawo wuta daga mahaɗar SATA, wato ta faifan ajiya, wadda ƙarfinta bai wuce wat 54 ba. Narkewa take yi, wallahi gobara ake sayar maka. Ga wutar da ake kawowa tana hawa da sauka, ga janareto, a kan fawa fak da ya riga ya gaji.

Katin hoton kansa akwai jabu. Ana ɗaukar tsohon GTS 450 a sauya masa suna ya koma 1050 Ti. Alama mai sauƙi: in ka ga shuɗiyar mahaɗar allo ta VGA a jikinsa, ka yi shakka, domin na ainihi ba ya fitar da irin wannan hoton. Manhajar GPU-Z na tona asirinsa nan take.

SSD: mai NVMe, wato sabon salo da ake cusawa a jikin bod kai tsaye, ba shi da gurbi a yawancin H61 da H81, ko an bi ta wata hanya an ɗora shi, da wuya Windows ta tashi daga kansa. Sayi mai SATA, inci 2.5. Kuma tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10, ita kuma Windows 11 a hukumance daga tsara ta 8 take farawa. Duk da haka ana nan ana sayar da tsara ta 3 da kirarin "sabon yayi".

"An gwada, yana aiki" a kan injin wa? Mai rumfa ya gwada a nasa, ba a naka ba. Ka tafi da bod ɗinka kasuwa, a ɗora furosesa da ram a gabanka, a jona allo, ka shiga BIOS ka ga sunan furosesa da adadin ram da idonka, ka tabbata ba a kulle BIOS ɗin da kalmar sirri ba. Haska soket da tocilan waya ka duba filoli. A buɗe manhajar CrystalDiskInfo ka ga awa nawa faifan ya yi yana aiki. A rubuta lambar kowane kaya a rasit tare da kwanakin da za ka iya dawowa da shi, domin gwajin ram na MemTest86 kaɗai sai ya ci sa'o'i kafin ya nuna ram mai matsala. In ya ce ba wuta, ko ba lokaci, ko "ba ka yarda da ni ba ne?", mayar da kuɗinka aljihu ka matsa rumfa ta gaba.